Dabo Mai Ƙugiya da Rijiyar Gilashi

Duk wanda gugansa ya taɓa faɗawa rijiya a Daura ya san Dabo Mai Ƙugiya. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ƙafafunsa a ɗan gwame saboda shekarun da ya yi yana tokare su a bangon rijiya. Yasar rijiya ya gada wurin ubansa, haka ma ƙugiyar, wani tsohon ƙarfe mai baki huɗu da ake zurawa da igiya a lalubo abin da ya nutse. Daga Sandamu har Mai'adua da wuya a sami rijiyar da bai san gindinta ba. Ya fito da guga, ya fito da akuya, ya fito da buta da agogo, har keken ɗinki ya taɓa fitowa da shi, wanda har yau ba a san yadda aka yi ya faɗa ba, mai gidan kuma bai so a tambaya ba.

Mutane suna ɗaukarsa ɗan ruwa. Ba su lura da cewa kafin ya sauka sai an janye ruwan da guga har ya koma iya gwiwa ba. Ruwan da ya wuce cibiyarsa Dabo bai taɓa shiga ba tun da aka haife shi, amma da yake ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai ga dalilin gyara wa mutane zance ba.

Bayan ƙugiya, abin da gari ya fi saninsa da shi ita ce kunyar surukarsa. Kowa yana kunyar suruka, amma ta Dabo ta wuce misali. Matarsa Kulu 'yar fari ce a wurin Iya Zinariya, Iya kuwa jinin Fulanin rugagen Mashi ce, irin tsofaffin nan da ko sunan 'yar tasu ba sa kamawa balle na mijinta. In ta kama dole sai ta ce "waccan", shi kuma "mutumin gidan waccan". Sama da shekara talatin da auren, Dabo bai taɓa ganin fuskar Iya ba, ita ma ba ta ga tasa ba. In ya je gaisuwa daga bayan katanga yake tsugunawa, takalmi a hannu, ido a ƙasa, sai ka ce katangar ce za ta kai ƙararsa.

Akwai ranar da ya hango mayafinta a hanyar kasuwa, babu lungu babu kwana, sai wata rijiya a bakin hanya. Bai yi wata-wata ba ya zura ciki, ya tokare ƙafa bango da bango yana jira ta wuce. Ashe ita ta riga shi hangowa, kunya ta hana ta bi ta gaban rijiyar, sai ta sami gindin darbejiya ta zauna tana jira ya fito ya tafi. Tun hantsi suke jiran juna har la'asar. Sai da wata mata ta zo ɗiban ruwa, gugan ya sauka a kan mutum, ta kurma ihu unguwa ta taru, sannan kowannensu ya sami hayaniyar da zai sulale a ciki. Dabo ya yi kwana biyu ba ya iya miƙe ƙafa, amma a ransa ya ci riba, tunda ba a ga juna ba.

Sai zamani ya juya masa baya. Rijiyar burtsatse ta shigo, kowane mai hali ya kira masu inji su huda ƙasa su kafa tanki a sama, tsofaffin rijiyoyi aka rufe su da kwano ko aka mai da su juji. Ƙugiya ta yi tsatsa a rataye. Dabo ya gwada sayar da rake, rabi ya shanye da kansa don takaici. Ya gwada gadi, aka sallame shi saboda duk wanda ya girme shi ya zo wucewa sai ya tsuguna, har da waɗanda suka fita da buhun siminti. Tukunyar Kulu ta koma sai yau da gobe ake ɗora ta.

A nan ne Alhaji Jafaru ya shigo labarin. Ƙanin Kulu ne, autan Iya, dillalin shanu da ke lodi daga Mai'adua zuwa Legas. Jafaru irin mutanen nan ne da in suka ga abu a gidan wani, barci ba ya ɗaukarsu sai sun yi wanda ya fi shi. A wani otal a Legas ya ga kifi yana yawo a cikin gilashi, ya tambaya, aka ce ado ne. Lokacin yana gina bene a Daura, sai ya ce a yi masa nasa tun daga daɓen falo har ya huda dakin, wato rufin siminti, ya ɓulla ɗakin sama. Mutanen Legas suka zo suka kafa gilashi mai kaurin allo, tankar ruwa ta cika shi, suka zuba kifaye ja da rawaya da masu zane, suka ajiye kwalin kayan wanki, suka kama hanya.

Wata bai cika ba ruwan ya koma kamar miyar kuka. Gansakuka ta rufe gilashin, sai dai a ga inuwar kifi ta gifta. Da aka buɗe kwalin sai ga soso mai ƙota da ba ta fi muciya ba, da wata 'yar koma kamar matacin shayi, da maganaɗisu guda biyu da aka ce a manna ɗaya ciki ɗaya waje a riƙa ja. Kaurin gilashin ya fi ƙarfinsu, na cikin ya sulale ya tafi ƙasa tun ranar farko. Tankin kuwa zurfinsa gaba biyu ne da ɗoriya.

Jafaru ya aika aka kira Dabo, ya bi da shi ta matakalar bayan gida zuwa wani ɗan ɗaki a sama, inda bakin tankin yake a buɗe a tsakiyar daɓe.

"Yaya Dabo, ka ce an kashe maka sana'a, to ga shi na haƙa maka rijiya a falo," in ji Jafaru yana dariya. "Tuɓewa kawai za ka yi ka faɗa ka goge mana. Ai kai da kifi ɗan wa da ɗan ƙani ne."

Dabo ya leƙa, ya ga zurfin ruwan, ya ja da baya. Ya yi gyaran murya ya ce bari ya ga abin daga ƙasa tukuna. Suna isa ƙofar falo ya hango darduma shimfiɗe a gaban gilashin, da buta, da wani takalmin roba da ya sani sarai, don shi da mayafi kaɗai ya taɓa gani a jikin mai shi.

"Wannan shimfiɗar fa?"

"Ta Iya ce. Tun da aka zuba kifin nan ta yi sallama da talabijin. In ta karya kumallo ta zauna nan, sai magariba. Yanzu ma alwala ta zagaya."

Jafaru bai rufe baki ba ya waiga bai ga kowa ba. Takalman Dabo ma sai da aka bi shi da su gida.

Ga aiki ya samu bayan dogon zama, ga Kulu tana kallonsa da idon da ya fi magana. Amma a ce ya tuɓe daga shi sai gajeren wando, ya shiga gilashi, a gaban Iya, kamar kayan talla a shago? Rijiya ko ba komai tana da sutura. Ka sauka cikin duhu, daga kai sai Ubangijinka, ba mai ganin cibiyarka. Wannan kuwa rijiya ce da aka cire wa kunya. Ya kwana yana juyi, da gari ya waye ya nufi maƙerar abokinsa Amadu, ya ce masa yana son hannu mai tsawon gaba uku.

Amadu ya dube shi ya ce, "Naka biyun me suka yi?"

"Nawa suna haɗe da sauran jikina, shi ne laifinsu."

Mako guda suka yi suna ƙira da gardama. Suka sami gora doguwa, suka ɗaure mata soson wanka a baki da robar taya. Wata gorar suka maƙala mata reza don gansakukar da ta yi taurin kai. Koma suka ɗinka da tsohon gidan sauron Kulu, ba da saninta ba. Wanda Amadu ya fi alfahari da shi wani awartaki ne da ya kafa a bakin bututu, ya zura wayar birkin keke ta ciki, in ka matsa birki a sama sai ya cije a ƙasa. Ga kuma tiyo na zuƙe dattin gindi, wanda ba ya fara aiki sai an tsotsa da baki, shi ya sa babu mahaluki a Daura da ya kai Dabo sanin ɗanɗanon kashin kifi. Tsohuwar ƙugiyar ma ya goge mata tsatsa ya rataye ta a ɗakin sama, ba don tana da aiki ba, don dai kada ta ga an yi sabbin abokai an manta da ita.

Ranar da ya fara aiki ya lallaɓa ta matakalar baya kamar ɓarawo. Ya leƙa da ido ɗaya, yana tsoron kada ya hango abin da bai kamata ba. Sai ya ga ikon Allah: daga sama bangon gilashin madubi yake zama, ba ka ganin falo, sai kifi da inuwar kifi. Dakin kuma ya kare shi daga na ƙasa. Ya yi hamdala, ya zura gora.

Yana cikin gugar ne ya ga wani jan abu ya ɓullo a jikin madubin, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa. Ya zaci ƙwaro ne, ya kai soso ya goge wurin. Abin ya ɓace, ya sake ɓullowa gefe, daidai inda ya tsallake wani kore. Sai da aka yi haka sau da yawa sannan ya gane. Kan yatsa ne mai lalle, an danna shi a jikin gilashin daga waje. Ashe abin da ya manne da gilashin shi kaɗai ke ratso madubin. Dabo ya rufe ido, ya yi ta shawara da zuciyarsa, daga ƙarshe ya yanke wa kansa fatawa cewa yatsa ba fuska ba ne.

Akwai wata kafa a dakin inda tiyo ke bi ya sauka zuwa kwata, ta nan ya ji muryar Iya.

"Sannu da aiki, Soso. Ɗan yi sama kaɗan. Yauwa. Allah ya yi albarka."

Iya ba za ta iya yi wa mijin 'yarta magana ba, ko da wuƙa a wuya. Amma babu malamin da ya hana tsohuwa hira da soso. Tun tana tsayawa a kan "hagu" da "dama", har ta kai in gora ta sauko sai ta gyara zama. Ta ba Soso labarin rugarsu, da sunayen shanun ubanta ɗaya bayan ɗaya, da shekarar da fari ya kore su har Damagaram. Ta kai masa ƙarar Murjanatu, matar Jafaru, a kan yawan magi a miya. Wata rana ta ce, "Soso, na ji an ce ƙafar waccan ta kumbura. Da akwai mai jin magana a gidan, da ya kai ta asibiti." Soso ya yi sama ya yi ƙasa, alamar to. Washegari Kulu ta tsinci kanta a layin ganin likita, tana mamakin abin da ya shiga kan mijinta.

Dabo tun yana rarrafe uwarsa ta rasu, bai taɓa sanin yadda ake zama tsohuwa tana yi wa mutum surutu ba gaira ba dalili. Abin ya yi masa daɗi, daɗin da ya rasa wanda zai gaya wa. Aikin da ba ya wuce awa guda sai ya riƙa jan sa har azahar. Wani lokaci ma da gangan yake tsallake kore, don ya ga jan yatsan ya ɓullo. Gilashin Alhaji Jafaru ya yi ƙyallin da baƙi ke buga goshi a jikinsa.

Iya ce ta ce wa Soso kifayen nan na Legas ba su da kamala, kullum cikin kwalliya kamar 'yan biki, ita kifi mai gashin baki ta sani. Ba a yi mako ba sai ga ɗan tarwaɗa ya sauko a cikin koma. Ta raɗa masa suna Mai Unguwa, don yana bi kusurwa kusurwa yana leƙe ba ya aikin komai. Ta kuma ce bai kamata wata halitta ta yi barci mutane suna kallonta ba, maganar da Soso ya amince da ita har yana fantsama ruwa. Aka sa awartaki aka sauke wa Mai Unguwa tulu, aka kwantar a gindin tanki, ya zama ɗakinsa. Kullum Iya sai ta aika Murjanatu sama da ɓarɓashin ƙosai. 'Yan bikin Legas suka fara raguwa ɗaya ɗaya, har Jafaru ya fara shinshina hannun Dabo ko zai ji ƙarnin suya, alhali ga Mai Unguwa nan yana ta yin wuya a gaban kowa.

Ƙibar nan ce ta jawo abin da ya faru. Wata safiya, Jafaru yana Kongolam wurin shanu, Dabo ya zura soso bai ji gaisuwa ba, sai ya ji Iya tana cewa:

"Soso, Mai Unguwa ya shiga ɗaki ya kasa fita. Tun ɗazu bai hau shan iska ba."

Ya leƙa. Kan kifin da rabin jikinsa suna cikin tulu, wutsiya a waje tana kaɗawa a hankali, bakin tulun ya shaƙe shi a ciki kamar zobe a yatsan mai ƙiba. Dabo ya aika aka kira Amadu, suka sauke duk abin da suka ƙera. Awartaki ya ciji tulu, santsi ya kuɓutar da shi. Koma ta ɗauko shi ta yi rabin hanya, gidan sauron Kulu ya yage. Ƙugiya ba ta da inda za ta kama sai naman kifin. A zuƙe ruwan da tiyo kuwa sai a yini ana yi. Wutsiyar tana ƙara sanyi, ga shi ta kafar dakin yana jin abin da bai taɓa ji ba, Iya tana jan hanci.

Ya ajiye gora ya ce, "Zan shiga."

Amadu ya ce, "To tuɓe mana."

"Allah ya kiyaye!"

Aka tura Murjanatu ta roƙi Iya ta koma ɗaki. Iya ta ce ba a barin mara lafiya shi kaɗai, amma ta yarda za ta juya ta fuskanci bango ta lulluɓa. Dabo ya ce a kori kowa daga falon, a kuma aro masa babbar rigar Jafaru. Ya sa wando biyu, ɗaya kan ɗaya. Ya zumbula rigar, shuɗiyar shadda mai sitati, ya ja hula har gira. Don ya nutse da sauri ya ɗaura rabin bulo a zariyar wandon sama, ya ɗaure igiya a ƙugu ta kan rigar, ya miƙa wa Amadu bakinta.

"In na jijjiga, ka ja."

"Ka dai iya ruwa ko?" in ji Amadu, don wasa.

Dabo ya yi bisimilla ya faɗa, ya bar tambayar a sama.

Mutumin da ya yi shekaru yana shiga rijiya da gajeren wando bai san halin babbar riga a ruwa ba. Bulo ya ja shi ƙasa, riga ta ƙi bin sa. Ta buɗe kamar laima, ta tashi ta rufe masa kai, ta kwashe igiyar ta zare ta ta saman hannuwansa. Bulon ya zame da wandon sama har idon sawu ya dabaibaye shi, Allah dai ya rufa asiri da na ciki. Ya lalubi tulu ya rungume, ya kai hannu zai jijjiga igiya, babu igiya. Amadu a sama ba ya ganin komai sai shuɗin yadi ya rufe ruwan, yana ta yaba wa abokinsa dogon numfashi.

Iya tana fuskantar bango, tana jan carbi, ta ji ana dukan gilashi, dukan da ba irin na soso ba. Ta daure. Dukan ya ƙaru, sannan ya fara rauni. Ta yaye mayafi ta juya.

Daidai lokacin Dabo ya yakice rigar daga kansa, fuskarsa ta manne da gilashin, hanci a baje, ido a waje, hula ta tafi yawonta. Tsakaninsa da Iya bai fi taƙi ɗaya ba. Ya ga 'yar tsohuwa fara, mai dogon hanci da zanen Fulani a gefen baki, idanunta irin na Kulu sak. Ita kuma ta ga furfura, ta ga tumbi, ta ga cibiya, ta ga gwamammun gwiwoyi. Ko a wannan hali, da tulu a ƙirji da mutuwa a maƙogwaro, Dabo ya yi ƙoƙarin tsugunawa.

Sai Iya Zinariya ta ɗaga kai ga kafar dakin, ta ƙwala kiran da aka ji har bakin titi.

"Dabo! Dabo zai mutu! Ku ciro mini Dabo!"

Amadu ya fizgi igiya, ta zo masa fayau. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan tsohuwar ƙugiya a bango, ya jefa ta. Ba ya ganin inda take sauka, amma akwai wadda ta daɗe tana koyon wannan aiki.

"Hagu! Hagu na ce, kai kurma ne? Ƙasa kaɗan! Yauwa, ja!"

Ƙugiyar ta kama rigar inda ta tattare a hammata. Amadu da Murjanatu da mai gadi suka haɗu suka ja, aka fito da Dabo Mai Ƙugiya da ƙugiyar ubansa, kamar gugan da ya kwana a rijiya, yana aman ruwa, tulu yana rungume a ƙirjinsa. Amadu ya ƙwanƙwasa tulun da guduma a hankali ya tsage. Mai Unguwa ya faɗa ruwa, ya yi zagaye ɗaya, ya shiga neman ƙosai kamar ba shi ya tara mutane ba.

Da Dabo ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya kira sunansa. Da aka gaya masa sai ya rufe ido ya ce da sun bar shi a ciki.

Ya kulle kansa a gida. Majalisu suka sami abin taunawa, yara suka fara ce masa Kifin Alhaji, wannan duk bai dame shi ba. Abin da ke cin sa shi ne abin da ya yi shekara talatin yana tattali ya zube a gaban gilashi, ya kuma jawo tsohuwa ta zubar da nata a kansa, har maƙwabta suka ji. Ya tabbata hirar nan ta ƙare, don yanzu Iya ta ga abin da ke ɗaure a ɗaya bakin gorar. Ya ce wa Kulu ta haɗa kaya, Nijar za su koma, can akwai sauran rijiyoyi masu mutunci.

Kulu ta ci gaba da tsince shinkafarta ta ce, "Malam, kai ka ji kunya, ita ma ta ji kunya, to kifin fa, me ya yi muku? Murjanatu ta ce ruwan ya koma kuka. Kuma wai ni ba ta taɓa kama sunana ba, ni da ta haifa, sai naka. Ni ya kamata in yi fushi."

Ya yi mako biyu yana cewa gobe. Ran da ya je, da hantsi, ya hau matakalar baya. Ya ɗauki gora, ya sa sabon soso, ya zura. Ya goge gabas, ya goge yamma. Ya tsallake kore mai faɗin faifai, ya jira. Ba yatsa, ba murya, sai ƙarar injin da ke hura wa kifaye iska. Ya goge wurin da kansa, ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ya fara janyo gorar.

"Soso, kwana biyu."

Gorar ta tsaya.

"Ran nan ba ka nan wani babban kifi ya faɗo, shuɗi. Ni idona ya tsufa, ban ga komai ba. Har na ji an ce wata tsohuwa ta yi ta ihu a unguwar nan, ban san ko wace ce mara kunyar ba." Sannan ta ƙara da cewa, "In ka san inda kifin nan yake, ka ce masa kada ya ƙara. Mai Unguwa ana samun irinsa a kasuwa. Shi kuwa guda ɗaya gare ni."

Soso bai yi sama ba, bai yi ƙasa ba, don mai riƙe da shi ba ya gani sosai. Da ya share ido da hannun riga ya leƙa, sai ya ga ja ya ɓullo a jikin madubin, can ƙasa daidai tsayin mutum a zaune, a wurin da babu ko ɗigon gansakuka. Wannan karon tafin hannu ne gaba ɗaya, yatsu biyar a buɗe, da lalle da tamoji, an manna shi a jikin gilashin.

Dabo ya sauke gorar a hankali har soson ya kai daidai tafin, ya danna shi, ya riƙe a nan. Mai Unguwa ya zo ya shinshina, ya ga ba ƙosai ba ne, ya wuce. Ana kiran azahar Murjanatu ta shigo falo da kwanon abinci, ta tarar da su a haka, ta ajiye kwanon ta fita da sanɗa.